Yadda Za Ka Ja Karafan Da Motar Kamfani Ba Tare Da Ka Tambayi Nauyin Baffa Ba

Wata a-kori-kura mai ƙofa huɗu, mallakar wani kamfanin kago, wato jigilar kaya, da ke Al Quoz, ta dawo Dubai da yammacin wata Lahadi a watan Janairu da mutum biyar a ciki, dukkansu lafiya. Tana janye da karafan, wato ɗakin nan mai taya da ake kwana a cikinsa a sahara. Bayanta ya matsa kusa da ƙasa da yatsa huɗu a kan yadda aka aro ta. Wanda ya tuƙa ta, Nasir, ɗan Gusau mai shekara talatin da shida, aikinsa a kamfanin shi ne auna kaya. Shekararsa tara a kan sikeli, kuma 'yan kasuwar da ke aika kago Kano sun san shi da cewa ko ledar da aka naɗe atamfa sai ya ɗora ta.

Idan mai irin wannan sana'a zai iya ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta, kai ma za ka iya. Matakan da ya bi ne aka jera a ƙasa. Ana tabbatar maka, duk wanda ya bi su daki-daki zai samu sakamako iri ɗaya, ko da motar jiya ta fito daga leda.

Mataki na 1: Ka ari motar da aikinka ya rataya a kanta

Kada ka gwada wannan da motarka. Motar mutum tana sa shi tunani, tunani kuwa shi ke ɓata tafiya. Ka nemi ta wurin aiki.

A ƙofar siton kamfanin su Nasir akwai doka guda da aka liƙa cikin harsuna huɗu: duk ma'aikacin da ya ɗora wa motar kamfani fiye da abin da aka rubuta mata, ya ajiye mukulli da katin aiki. A Dubai katin aiki da biza tare suke tafiya, wanda ya ajiye ɗaya ya fara haɗa jaka. Nasir ne ya rubuta dokar bara, bayan wani direba ya karya sifirin a hanyar Jebel Ali. Shi ne kuma ya nemo selotef ɗin.

Da manajan, wani mutum mai ƙarancin magana, ya tambaye shi me zai ɗauka, sai ya ce iyali ne da ɗan abinci. Ka lura bai yi ƙarya ba. A wurinmu iyali ba su da adadi, kuma ba a taɓa jin wanda ya kira abincinsa mai yawa ba.

Mataki na 2: Ka samo baffa

Ba kowane baffa ke aiki ba. Ana son wanda ya riƙe matarka bayan rasuwar mahaifinta, shi ya ba ka aurenta, kuma ya taɓa mallakar mota babba.

Alhaji Ɗantani ya cika duk sharuɗɗan. Baffan Kamila ne, matar Nasir, kuma shekara talatin ya yi yana lodin albasa daga Aliero zuwa Legas. Duba gwiwa ya kawo shi Dubai. A makonsa na uku cikin filat mai ɗaki ɗaya da falo a unguwar Karama, ya ce shi dai tunda ya zo bai ga ƙasar Larabawa ba, gilashi da lifta kawai yake gani. Ya ce bai ce a kai shi ko'ina ba, magana ce kawai yake yi. Idan babba ya ce magana ce kawai yake yi, ka fara neman mota.

Mataki na 3: Ka haddace babbar lamba, ka bar ƙarama inda take

Kowace a-kori-kura tana da lambobi biyu. Ta farko ita ce abin da za ta iya ja. Ana rubuta ta da manyan baƙaƙe a talla, kuma a motar kamfanin su Nasir kilo dubu uku ce. Karafan ɗin da ya yi haya, da ruwansa da komai, kilo dubu biyu da ɗari huɗu ne. Wannan lissafi yana da daɗin faɗi. Ka faɗe shi a falo, ka maimaita a masallaci.

Lamba ta biyu ita ce abin da motar za ta iya ɗauka a gadon bayanta. Tana liƙe a jikin ƙofar direba, can ƙasa inda sai ka durƙusa. Kada ka durƙusa. A wannan motar kilo ɗari bakwai da tamanin ce, kuma cikinta ake cire direba, da fasinja, da duk abin da ke bodi.

Akwai kuma abin da mutane ba sa son ji. Karafan ba ya tsayawa a kan tayoyinsa kaɗai. Wuyansa yana danne ƙugiyar da ke bayan mota da kashi goma zuwa goma sha biyar cikin ɗari na nauyinsa, kuma wannan dannewa mota ce ke ɗaukarta. A nan kusan kilo ɗari uku ke nan. Ƙarfen ƙugiyar kansa talatin da biyar. Abin da ya rage wa mutane da kayansu: ɗari huɗu da arba'in da biyar.

Nasir ya gama wannan lissafi a kansa a filin masu hayar karafan, kafin mai filin ya ƙare shan shayinsa. Mai filin ya ce mafi mushkila, wato babu matsala, ya miƙa takarda a sa hannu. Sanin lamba ba laifi ba ne, faɗinta ne laifi.

Mataki na 4: Kada ka hana kowa, kada ka tambayi kowa

Labarin tafiya sahara ba ya kwana a gini ɗaya. Kafin Juma'a, maƙwabcinsu Izzuddeen ya shigo gaida Baffa, ya ce ai su ma sun daɗe suna son ganin wajen. Baffa ya ce mota ba ta cika. Da haka Izzuddeen da matarsa Muhsinat suka samu kujera.

Izzuddeen yana digiri na uku ne a kan nauyin da gadoji ke iya ɗauka. Irin wannan fasinja kake so. Da Nasir ya ja shi gefe ya nuna masa lambar ƙofa, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce gaskiya fanninsa gada ne, ba mota ba. Dalilin ya bayyana da safe: Muhsinat ba ta cin yajin da aka niƙa a inji, saboda haka da turminta take tafiya.

Yanzu batun mutane. Ba a tambayar nauyin matar maƙwabci. Ba a tambayar na maƙwabci a gaban matarsa. Na baffa kuwa ba a ma tunaninsa. Alhaji Ɗantani ya riga ya sanar da kowa cewa kilo tamanin da biyar ne shi, an auna shi a asibitin alhazai a shekarar 2009, kuma tun daga lokacin bai ga dalilin sake hawa sikeli ba.

Kamila ma'aikaciyar jinya ce, kullum mutum hamsin take aunawa a asibiti, kuma da ido tana iya faɗin nauyin mutum ba ta kuskure da kilo biyu ba. A kicin, Nasir ya roƙe ta ta faɗa masa na kowa. Ta ce sirrin aiki ne. Ya ce to jimla. Ta kalli silin tana lissafi.

"Ɗari huɗu da ashirin," in ji ta. "Ban sa jakar Muhsinat ba."

Saura ashirin da biyar. Turmin da taɓaryarsa sun cinye su.

Kamila ta ce ya gaya wa Baffa a rage kaya, ko a ɗauki mota ta biyu. Ya ce ai baffanta ne. Ta ce ai motarsa ce. Suka bar maganar a nan, inda ya kamata kai ma ka bar ta.

Mataki na 5: Ka bar wa baffa lodi

Ranar Asabar bayan asuba, a filin fakin da ke bayan gini, ka tsaya gefe ka riƙa miƙa kaya.

Ƙa'idar masu lodin albasa ita ce kaya mai nauyi gaba yake zama, kusa da kan mota. A babbar mota wannan gaskiya ne. A karafan ma da ɗan gaskiya, sai dai Baffa ba ya yin abu kaɗan. Tukunyar gas biyu, buhun shinkafa, kular da ke ɗauke da rago guda da ƙanƙararsa, duk ya sa aka jera su a can gaban ɗakin, daidai kan wuya. Abin da wuyan ke danne mota da shi ya tashi daga ɗari uku ya doshi ɗari huɗu. A bodi kuma aka sa janareta, jarkar ruwa shida, gawayi buhu biyu, darduma huɗu manya, da turmi a tsakiya an ɗaure shi da igiya.

An yarda ka yi magana sau ɗaya, don tarihi. Nasir ya yi tasa da murya ƙasa-ƙasa.

"Baffa, ko za a mayar da shinkafar da kular kan tayoyin karafan?"

"Malam Nasiru," in ji Baffa, ba tare da ya juyo ba, "ni mota na yi wa lodi shekara talatin. Kai kwali kake aunawa."

Daga nan sai gwaji. A tashar albasa ba a sikeli. Ana tura tafin hannu tsakanin taya da bodi, in ya shige to da sauran wuri. Baffa ya tura, hannun bai shige ba. Ya gwada da yatsu uku, suka shige da ƙyar. Ya ce maganin gwiwar nan yana kumbura masa hannu, ya ce yalla, a hau.

Mataki na 6: Ka ba kowace alama fassara mai kyau

Mota da aka danne wa baya tana magana. Aikinka shi ne kada ka ji.

Hancinta zai ɗaga sama. Ka ce tsarin motocin zamani ne. Sitiyari zai yi sauƙi a hannu kamar ba ya haɗe da komai, domin tayoyin gaba sun rage taka ƙasa. Ka yaba wa masu ƙera shi. Birki zai riƙa amsawa bayan ɗan tunani. Ka fara taka shi tun daga nesa, ka ce kai mutum ne mai natsuwa. A kowane tudun rage gudu za ka ji bayan motar ya bugi wani abu, dum. Baffa ya ce turmi ne. Muhsinat ta ce turminta ba ya ƙara.

A gidan man da ke hanyar Al Qudra, Nasir ya ɗauki hoton motar daga gefe ya aika wa Dickson, wani bakanike ɗan Zonkwa da ke da gareji a Al Quoz. Dickson ya tambaya ko a kan gangara aka ɗauki hoton. Da aka ce masa fili ne shimfiɗaɗɗe, sai ya aiko da saƙon murya mai daƙiƙa shida, cewa a sauke kaya ko a sauke mutum, kuma shi ba ya buɗe gareji ranar Lahadi saboda coci. Kada ka kunna irin wannan saƙo a lasifika. Nasir ya kunna nasa a kunne, ya ce Dickson yana gaida Baffa.

Tafiyar minti hamsin ta ci awa biyu da minti goma, a layin dama, a kan gudun sittin. Wannan ne kaɗai abin da Nasir ya yi daidai a ranar, kuma shi ne abin da Baffa ya fi yi masa faɗa a kai.

Mataki na 7: Ka ji daɗin wurin

Wannan mataki ba shi da wuya. An kafa karafan a bakin rairayi, an shimfiɗa darduma, an gasa rago. Yajin turmi ya fi na inji, a nan babu musu. Da rana ta yi ja, Baffa ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya ce rabonsa da zama a fili irin wannan tun yana bin yayansa, mahaifin Kamila, kiwo a ƙauye. Bayan magariba ya yi wa Nasir addu'a mai tsawo, har da ta zuriya.

Ka amsa da amin. Ka kuma guji kallon motar, wadda ko bayan an cire mata karafan ba ta miƙe duka ba.

Mataki na 8: Ka ci musu

Har zuwa nan babu wanda ya kama ka. Mota ta ɗan zauna, amma ba kowane manaja ke durƙusawa ya leƙa sifirin ba. Mai hankali zai wanke ta, ya mayar, ya yi shiru. Wannan jagora ba don mai hankali aka rubuta shi ba.

A hanyar dawowa ranar Lahadi, Baffa ya buɗe zance. Ya ce motar gwangwani ce. Ya ce kayan da aka ɗora ba su kai rabin abin da za ta ɗauka ba, direba ne ke tsoro. Ya ce aikin sikeli aikin mai awon gyaɗa ne, kuma in ya koma gida zai ba da labari a tasha cewa mijin Kamila lamba yake tuƙawa, ba mota ba. Izzuddeen ya yi dariya, irin wadda ake yi wa babba don ladabi, sai dai ta ɗan yi tsawo.

Mutum yana iya shanye kilo ɗari huɗu na wuce ƙima. Dariyar maƙwabci ce ba ta shanyuwa. A mahaɗar Al Quoz, Nasir ya sa sigina ya karya dama.

"Gida ba nan ba ne," in ji Kamila.

Ya ce minti biyar.

A harabar siton akwai babban sikelin da ake auna motoci, faranti ne na ƙarfe a ƙasa da allon lamba a jikin bango. Nasir ya goga katinsa, ya hau yadda ƙwararru ke yi: tayoyin mota huɗu a kan faranti, karafan a maƙale amma tayoyinsa a waje, kowa na zaune a wurinsa. Motar da duk abin da ke kanta bai kamata su wuce kilo dubu biyu da ɗari tara ba. Allo ya nuna dubu uku da ɗari da casa'in. Wannan kuwa bayan an ƙarar da ruwa an ƙone gawayi. Ragon dai bai bar motar ba, wurin zama kawai ya canza.

Nasir ya miƙa hannu ta taga ya danna maɓalli, takarda ta fito, ya miƙa wa Baffa da hannu biyu.

Baffa ya ce sikelin ya haɗa da karafan. Aka nuna masa tayoyin a waje. Ya ce to sikelin ya lalace, ya taɓa ganin irinsa a kasuwar Mile 12 ta Legas, bari ya duba da kansa. Ya buɗe ƙofa, ya sauka, ya taka zuwa gaban allo. Yana barin faranti lamba ta koma dubu uku da saba'in.

Izzuddeen ya fara cewa wato in aka cire, Muhsinat ta mintsine shi. Nasir kuwa hannunsa ya riga kansa: shekara tara, duk lambar da ta tsaya a allo sai ya danna. Takarda ta biyu ta fito.

Baffa ya daɗe a gaban allon. Da ya dawo ya zauna, sai ya ce sikelin Dubai da babbar riga yake aunawa. Daga nan har Karama bai ƙara cewa komai a kan motar ba. Kamila ta ce daga baya ita ɗari da sha takwas ta sa masa, biyun na rago ne.

Ka ci musu ke nan, a gaban shaidu, da takarda.

Mataki na 9: Ka tuna inda kwafi ke zuwa

A danjar shiga Karama, Kamila ta tambaya, cikin murya irin ta mai tambayar farashin tumatir, ko takardar nan guda ɗaya take fita.

Ba guda ɗaya take fita ba. Duk awon da aka yi a wannan sikeli yana tafiya kai tsaye cikin imel ɗin manaja, da lambar mota, da lokaci, da sunan mai katin da aka goga. An kafa tsarin ne bara, bisa shawarar ma'aikacin da ya rubuta dokar ƙofa, domin a cewarsa direbobi suna ɓoye takarda.

Saƙo biyu suka tafi, minti uku tsakaninsu. Na farko ya ce an wuce da kilo ɗari biyu da casa'in. Na biyu ya ce ko an sauke Baffa, an wuce da ɗari da saba'in.

Sanarwa

Wannan jagora bai aiki kowa ba. Duk wanda ya bi shi ya karya sifirin, ya ƙone birki, ya ga karafan ɗinsa yana ƙoƙarin wuce shi a kan titi, ko ya gano nauyin surukinsa a bainar jama'a, shi ya jiyo. Ba a karɓar ƙorafi daga direbobi, ko masu filin haya, ko baffanni. Mai son sauka lafiya ya durƙusa ya karanta lambar ƙofa, ya cire nauyin wuyan karafan da na ƙugiya da na mutanensa daga cikinta, ya ɗauki mota ta biyu, ya haƙura da abin da za a faɗa a tasha.

Ranar Litinin Nasir ya mayar da mota a wanke. Manajan ya karɓi mukulli, ya tambaya ko sahara ta yi daɗi, ya ci gaba da kallon kwamfutarsa. Talata bai ce komai ba. Ranar Laraba ya aika ofishin ma'aikata a kawo masa fayil ɗin Nasir.

Bizar Nasir za ta ƙare a watan Maris. A kamfanin, sabunta biza da soke ta duk da wannan fayil ɗin ake farawa. Zuwa lokacin haɗa wannan jagora, yana nan a kan teburin manaja.